Na Keta Sama da Yara Uku, Ko Ƙwaya Ɗaya Ban Haɗiya Ba

Jama'a, ku ara mini kunnuwanku tun maganar tana da zafinta, don idan na bari ta huce zan fara jin kunyar faɗa. Ni ɗin nan da ko ƙarar jirgi na jiyo daga tsakar gida sai cikina ya juya, ni ce na taso daga Landan zuwa Alƙahira, daga Alƙahira zuwa Kano, ni kaɗai da yara uku, ƙaramar ma tana goye, idona biyu tun daga tashi har sauka. Har yanzu idan na tuna sai in ji kamar labarin wata nake bayarwa. Kuma a wannan tafiya na gano wani abu game da ƙwayar nan da na daɗe ina ɗauka ita ce gatana, abin da nake so kowace uwa mai irin lalurata ta ji kafin ta sayi tikiti.

Tsorona yana da asali, kada wata ta ce shagwaɓa ce. Ranar Asabar 4 ga Mayu, 2002, ina yarinya a Kano, jirgin fasinja ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zai tafi Legas, bai yi nisa ba ya rikito kan gidajen mutane a Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, har da waɗanda ke zaune cikin ɗakunansu, ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Daga unguwarmu muka hango hayaƙin. A 2006 kuma aka wayi gari da rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a jirgin da ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja. Kakarmu kuwa har ta koma ga Allah ba ta daina ba da labarin jirgin alhazai na 1973 ba, wanda ya ƙone wajen sauka a Kano, mutum 176 suka tafi. Allah Ya jiƙansu da rahama. A gidanmu, duk wanda zai hau jirgi sai ya bi ɗaki ɗaki ana yafe juna.

Da aure zai kai ni Ingila, mai kemis ɗin layinmu a Kano ne ya haɗa ni da abin da 'yan gari ke kira D5, wato diazepam, wanda iyayenmu suka sani da Valium. Na haɗiya kafin a kira mu shiga jirgi, daga nan ban san inda aka kwana ba. Abban yara ne ke riƙe fasfo, shi ke kai wannan bayan gida, shi ke lallashin wancan, ni kuma ina jingine da taga kaina ya yi nauyi. Haka muka saba, kowa ya san aikinsa.

Bana sai ga bikin ƙanwata ya taso, Abban yara kuma bai samu hutu ba. Ban damu ba sam, na ce ai ina da dabarata. Na tafi wajen likitar unguwarmu, wata dattijuwa mai sanyin magana, na ce ta rubuta mini ƙwaya biyu, ɗaya ta zuwa, ɗaya ta dawowa. Ta tambaye ni da wa zan yi tafiyar, na ce da yara. Ta ce wane babba ne zai raka mu, na ce babu. Sai ta ajiye biro, ta dube ni, ta ce: "Idan abin shaƙar iska ya faɗo daga sama kina barci, wa zai saka wa yaran?"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Duk tsawon shekarun nan tunanina a kan faɗuwar jirgi yake, abin da ba ni da iko a kansa. Ban taɓa tunanin abubuwan da ke hannuna ba, waɗanda jirgi zai sauka lafiya lau amma sai an samu babba mai ido biyu a kan kujera. Ta yi mini bayani dalla-dalla. A tsayin ƙafa 35,000 da jiragen nesa ke tafiya, idan iskar cikin jirgi ta zurare, mutum lafiyayye yana da daƙiƙa 30 zuwa 60 ne kafin tunaninsa ya rikice. Dalilin da ya sa kenan ake ta nanata cewa ki fara saka naki kafin na ɗanki, maganar da da nake ji ina cewa waɗannan mutane ba su san uwa ba. A cikin wannan ɗan lokaci ni zan saka nawa, in saka wa ta cinyata, in miƙa hannu ga yayanta, in duba babbar ko ta yi daidai. Fuska huɗu, hannu biyu, ƙasa da minti ɗaya, sannan ga diazepam a jini! Kamar mai gadi ne ya sha maganin barci ya ce ɓarayi yake tsoro.

Ba ta tsaya nan ba. Ashe a Birtaniya likitocin unguwa da yawa sun daina rubuta wannan magani don hawa jirgi, har suna manna sanarwa, domin littafin da suke dubawa kafin su rubuta magani ya hana ba da shi ga mai tsoron wani abu takamaimai. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan tsauni mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, wato har ninki biyu na tsayin Jos, saboda haka oksijin ɗin jinin kowa yana ɗan raguwa, ita kuma ƙwayar tana ƙara rage ƙarfin numfashi. Barcin da take sa mutum mai nauyi ne, ba juyi ba motsi, wanda ke ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa idan tafiya ta wuce awa huɗu. Wasu ma maimakon ta kwantar musu da hankali sai ta birkita su, su kama faɗa da ma'aikata. Tana goge abin da ya faru bayan an sha ta, shi ya sa ba na iya tuna komai na tafiye-tafiyena na baya. Kuma ba ta barin jiki da wuri, rabinta kawai kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fita, ke nan da ita zan yi jiran canjin jirgi a Alƙahira da fasfo huɗu a hannu, da ita zan sauko matattakala da goyo. Da ta ji ina shayarwa kuwa sai ta girgiza kai, ta ce diazepam yana bi ta nono, jaririya za ta iya yin laushi ta kasa tsotso. Nan jikina ya yi la'asar.

Na fito raina a ɓace, ba zan ɓoye ba. Na ce wannan mata ba ta san abin da nake ji ba ne. Daren nan bayan yara sun kwanta na zauna da waya ina neman hujjar da zan ƙaryata ta, sai na yi karo da binciken da ya hana ni barci har asuba. A 1997 wasu masana biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Wilhelm da Roth, suka ɗauki mata 28 masu tsananin tsoron jirgi. Aka ba rabinsu alprazolam, ɗan'uwan diazepam da ake sayarwa da sunan Xanax, rabi kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta, ba wadda ta san abin da ta haɗiya. Aka hau jirgi. Waɗanda suka sha maganin gaske suka ce sun fi jin sauƙi, amma na'urar da aka ɗaura musu ta nuna zuciyarsu ta fi ta sauran gudu, bugu 114 a minti, sauran kuma 105. Baki yana cewa lafiya, jiki yana can yana kokawa! Bayan mako ɗaya aka sake hawa, wannan karon ba a ba kowa komai ba. Cikin waɗanda suka sha maganin a karon farko, masu firgita mai tsanani suka tashi daga kashi 7 cikin ɗari zuwa kashi 71. Su kuwa waɗanda suka haɗiyi ƙwayar banza, waɗanda suka sha wahalar tafiyar farko da idonsu biyu, tsoronsu raguwa ya yi.

Na karanta, na koma na sake karantawa. Ashe shi ya sa! Shi ya sa duk yawan hawan da na yi tsorona bai ragu ko ƙanƙani ba, kullum sai ƙaruwa. Zuciya tana koyon cewa abu ba ya cutarwa ne idan ta shiga cikinsa ta fito tana sane. Ni kuwa ban taɓa ba ta wannan dama ba, duk lokacin da darasin zai fara sai in kashe ta da ƙwaya, washegari in ce maganin ne ya tsallakar da ni. An gudu ba a tsira ba.

To yanzu ya zan yi? Tikiti an saya, anko an ɗinka, Hajiya tana ƙirga kwanaki ta ga jikokinta. Ƙawayena suka yi caa da shawarwari. Wata ta ce in nemi wata likitar, wata ta ce akwai ragowar ƙwaya a wajenta. Wannan ta biyun ban ko saurare ta ba, domin a Masar zan sauka, ƙasar da a 2017 ta yanke wa wata 'yar Birtaniya ɗaurin shekara uku saboda taramadol da ta shigo da shi cikin jaka. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma sai an nemi izini tun kafin tafiya ake shiga da irin waɗannan magunguna. Ƙwayar wata, ba takardar likita, a jakar da ke cike da kayan yara? Allah Ya kiyaye. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce mai cewa in ɗura wa yaran Piriton ko Phenergan su yi ta barci in samu in ji da kaina. Na san ana yi, kuma masu yi ba mugaye ba ne, gajiya ce. Amma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba Phenergan, don yana iya danne masa numfashi har ya kai ga rasa rai. Ga manyan yara ma, wani sa'in irin waɗannan magunguna juyewa suke yi, yaro ya ƙi barci, ya yi ta tsalle da kuka har a sauka. Iyaye mata, don Allah mu bar wannan.

Abin da ya rage mini shi ne in san jirgin. Na duƙufa kallon bidiyon matuƙa suna bayanin kowace ƙara, ina girki ina saurare, ina guga ina saurare. Jama'a, ashe kusan duk abin da ke tsinka mini zuciya aikin yau da kullum ne! Wannan gif da ake ji a ƙarƙashin ƙafa bayan tashi, wanda nake cewa wani abu ya ɓalle, tayoyi ne ke shigewa ɗakinsu. Wannan shirun da inji ke yi bayan kamar minti ɗaya, lokacin da sai ki ji kamar jirgi zai koma ƙasa, matuƙi ne ya rage wuta da gangan don ƙarfin tashi ya gama aikinsa, jirgin yana ci gaba da hawa, kunnen ciki ne ke yaudarar mutum. Kukan da ke fitowa daga fiffike faifan bayansa ne ke komawa ciki. Rage fitilu da ake yi da daddare, don ido ya saba da duhu ne ko da za a fita da gaggawa. Jirgi mai inji biyu yana iya tafiya ya sauka da ɗaya. Fiffiken nan da nake gani yana lanƙwasa ina salati, haka aka ƙera shi: a 2010 kamfanin Boeing ya ɗaga fiffiken 787 sama kimanin ƙafa 25 a wajen gwaji bai karye ba.

Alƙaluman ma na duba su. Wani malami a jami'ar MIT, Arnold Barnett, ya lissafa cewa daga 2018 zuwa 2022, cikin kowane hawa miliyan 13.7 a duniya mutum ɗaya ke rasa ransa. A titunan Najeriya kuwa hukumar kiyaye haɗurra tana ƙirga sama da mutum 5,000 a shekara. Gaskiyar magana, alƙaluma ba su taɓa hana tafin hannuna zufa ba, kuma duk wanda ya ce wa mai tsoro ai mota ta fi haɗari, bai gaya mata sabon abu ba. Labarin da ya shige ni shi ne na filin jirgin Haneda a Tokiyo, ranar 2 ga Janairu, 2024. Jirgi ya yi karo da wani a kan titin sauka, ya kama da wuta, mutum 379 ke ciki, har da ƙananan yara, kuma dukkansu suka fita da rai ta ƙofa uku kacal cikin takwas. Sun fita ne domin sun ji umarni, sun tashi da ƙafafunsu, sun bar jakunkuna. Na tambayi kaina, da ina ciki da D5 a cikina, wa zai ɗauki auta, wa zai ja hannun yayanta?

Ranar tafiya ban sha kofi ba, na ci abinci sosai, na zaɓi kujerun da ke saitin fiffike don nan gargada ta fi sauƙi. A bakin ƙofar jirgi na yi abin da ban taɓa yi ba, na cire kunya na gaya wa ma'aikaciya cewa ina tsoron jirgi kuma ni kaɗai ce da yaran nan. Ko gezau ba ta yi ba, da gani ta saba ji. Ta kawo mini ɗan bel ɗin jarirai da ake sarƙafawa a jikin na uwa, ta nuna mini yadda ake yi, ta gaya mini akwai rarar abin shaƙar iska a layinmu saboda ta cinya, ta ce za ta leƙo ni da zarar an ba su damar tashi. Kuma ta leƙo.

Na ba babbar aiki, na ce ta ƙirga kujeru nawa ne tsakaninmu da ƙofar gaggawa, gaba da baya. Mai bi mata na ce shi ne mai kula da bel, duk wanda nasa ya kwance ya faɗa. Muka yi addu'ar hawa tare. Jirgi ya fara gudu, ya ɗaga hanci, cikina ya ɗuri ruwa, zufa ta karyo mini, ƙirjina kamar zai tsage. Tsoron ya zo, cikakkensa, ba ragi. Na ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, na sake shi a hankali ina ƙirga takwas, kamar yadda likitar ta koya mini, carbi a ɗaya hannun. Gif! Sai na ji bakina yana cewa, "Tayoyi ne suka shiga." Yaron ya zaro ido: "Umma, ina suka shiga?" Ina cikin yi masa bayani inji ya yi shirun nan nasa, na ce, "Yanzu kuma direba ya rage wuta." Babbar ta ce, "Umma, ya aka yi kika san komai?" Ni da ke neman suma, ni ce yau malamar jirgi!

A nan na ga abin da likitar ta faɗa da idona. Ta ce firgita tana kaiwa ƙololuwa ne cikin kamar minti goma, daga nan dole ta sauko, jiki ba ya iya riƙe ta. Ban yarda ba sai da na ji. Ta hau, ta hau, na ce shi ke nan yau zan yi abin kunya a gaban 'ya'yana, sai kawai na ji yatsuna sun fara sakin hannun kujera da kansu. Ban taɓa sanin tana da ƙarshe ba, domin ban taɓa tsayawa na ga ƙarshenta ba. Daga nan kuma ina lokacin tsoro? Wannan ta zubar da lemo, wancan fitsari, auta ta ɓata kunzugu, ga abinci an kawo ba wajen ajiyewa. Da na ɗauka yaran ne za su ƙara mini wahala, sai ga shi hidimarsu ce ta riƙa fizgo ni daga tunani. Kuma duk sanda jirgi ya ɗan girgiza, fuskata suke kallo kafin su kalli taga. Shekarun baya me suke gani idan sun waiwayo? Uwa a sheme, baki buɗe.

Gwajin gaske sai da muka kusa Kano. Damina ce, hadari ya haɗu, aka kunna fitilar ɗaura bel, ma'aikata ma suka zauna. Jirgi ya shiga jijjiga, wata mata a bayanmu ta fara kalmar shahada da ƙarfi, ni ma ina yi a zuci. Na sa ido a kan ruwan da ke cikin gorar babbar: ni ina jin kamar mun faɗa rami mai zurfi, ruwan kuwa ɗan kaɗawa kawai yake yi. Na tuna jirgin Singafo na watan Mayun 2024 da ya gamu da mummunar gargada, fasinja ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, amma jirgin ya sauka lafiya a Bankok, kuma waɗanda ba su ɗaura bel ba ne aka yi sama da su. Na shafa bel huɗu ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure. Na sa auta a nono saboda toshewar kunne, na ba manyan alewa su tsotsa. Tayoyi suka taɓa ƙasa, jirgi ya ɗauki Alhamdulillahi. Na sauko da ƙafafuna, goyo a baya, fasfo huɗu a hannu, kuma ina iya ba ku labarin kowace kusurwa ta tafiyar nan.

Ban ce na warke ba, komawa tana gabana kuma na san cikina zai sake juyawa. Ban kuma ce kowa irina ba ce. Akwai wadda tsoronta ya kai ta sandare ko ta fita hayyacinta, ita ma ba za ta amfani yaranta a haka ba. Irin wannan tana buƙatar magani na gaske tun da sauran lokaci, wato zama da masanin halayyar ɗan Adam da ke saba wa mutum da abin tsoronsa sannu a hankali, ko kwas ɗin masu tsoron jirgi irin wanda British Airways da easyJet ke shiryawa, inda matuƙa ke bayani sannan a hau jirgi tare. Idan lokaci ya ƙure, ta nemi babba ya raka ta, ko ta ɗaga tafiyar. Wadda kuma likita ya ɗora ta a kan irin wannan magani saboda wata lalura, kada ta yanke shi don ta karanta labarina, yankewa farat ɗaya tana iya jawo farfaɗiya.

'Yar'uwa, idan kina da tafiya a gaba ke da yara, ki je wajen likita tun da sauran makonni, kada ki bari sai daren tafiya ki aika kemis. Ki gaya masa ke kaɗai ce babba, ki gaya masa yara nawa ne, idan kina shayarwa ki faɗa, sannan ki tambaye shi abin da zai taimake ki wanda ba zai sa ki barci ba.